Takardar da Ba Ta Isa Bakin Teku Ba: Tarihin Horar da Ma'aikatan Gwamnati kan Cin Zarafi a Amurka

Gabatarwa

A watan Fabrairun shekarar 1986, babban jami'in gudanarwa na Boca Raton, wani birni da ke gaɓar teku a jihar Florida ta ƙasar Amurka, ya fitar da takarda zuwa ga dukkan ma'aikatan birnin, wadda ta haramta cin zarafi irin na neman lalata a wurin aiki. Takardar ta shiga wasu ofisoshi, amma ba ta taɓa isa sashen masu ceton rai a bakin teku ba, waɗanda ɗan ginin da suke aiki a ciki yake can gefen rairayi, nesa da idon manyan birni. A wannan sashe ne wata ɗaliba mai suna Beth Ann Faragher take aiki tun 1985, tana haɗa karatun jami'a da neman na kanta. Shekara biyar ita da 'yan'uwanta mata suka yi suna haɗiye taɓe-taɓe da maganganun batsa daga biyu cikin shugabanninsu. Akwai shugaba na uku, mutumin da suke ganin girmansa, wanda suka riƙa kai wa kuka a bayan fage. Ya saurare su, amma bai ga cewa huruminsa ne ya kai maganar gaba ba. Duka ukun ba su san da zaman takardar ba.

Shekara goma sha biyu bayan haka, wannan takarda da ta maƙale a hanya ta zama ginshiƙin wani hukunci na Kotun Ƙolin Amurka, hukuncin da ya ƙarfafa al'adar nan ta tara ma'aikata da shugabanninsu lokaci-lokaci a horar da su kan hana cin zarafi. Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun horon tun daga tushensa, musamman a ma'aikatun gwamnati inda aka fara gwagwarmayar. Abin da tarihin zai nuna mana shi ne, tun daga haihuwarsa horon yana da iyayengiji biyu: ma'aikacin da ake so a kare daga zalunci, da ma'aikatar da take so ta kare kanta daga shari'a. Wanda aka fi yi wa hidima a cikinsu shi ke tantance ko horon zai yi amfani ko zai tsaya a ganin ido.

Zamanin da Laifin Ba Shi da Suna

Ranar 2 ga Yulin 1964 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a Dokar 'Yancin Ɗan Ƙasa, wadda babi na bakwai a cikinta ya hana nuna bambanci a harkar aiki saboda launin fata ko addini ko asali ko jinsi. Kalmar jinsi ta shigo ne a ƙurarren lokaci, daga bakin Howard Smith, ɗan majalisa daga Virginia wanda ya yi suna wajen adawa da dokar baki ɗayanta, kuma har yau masana tarihi na jayayya kan abin da ya nufa da hakan. Ko ma mene ne nufinsa, 'yan majalisa mata irin su Martha Griffiths sun riƙe kalmar gam har ta tsira. Sai dai dokar ta bar babban giɓi, domin ba ta shafi ma'aikatan gwamnati ba. Sai a 1972 aka yi mata gyara ta haɗa da ma'aikatan tarayya da na jihohi da na ƙananan hukumomi. Wato gwamnatin da ta kafa wa kamfanoni doka ta ɗauki shekara takwas kafin ta yarda dokar ta hau kanta.

Da ƙofar ta buɗe, cikin waɗanda suka fara shiga akwai mata baƙaƙen fata, ma'aikatan gwamnati a birnin Washington. Paulette Barnes tana aiki ne a Hukumar Kare Muhalli, kuma abin mamaki, a sashen da aka ɗora wa alhakin tabbatar da daidaito tsakanin ma'aikata. Ta ce shugaban sashen ya yi ta nemanta, yana yi mata alkawarin ci gaba in ta amince, da ta ƙi kuma aka soke gurbin aikinta. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi ke nan. A 1974 alƙalin kotun farko ya kori ƙararta, bisa hujjar cewa abin da ya faru saɓani ne na ƙashin kai tsakanin mutum biyu, kuma abin da ya same ta ya same ta ne don ta ƙi shugabanta, ba don tana mace ba. Irin wannan ra'ayi ne ya yi rinjaye a kotunan wancan lokaci. Alƙalai na ganin sha'anin namiji da mace tsohon abu ne da doka ba ta da ikon shiga, wasu ma na tsoron kada ƙararraki su cika kotuna.

Wani ɓangare na matsalar shi ne laifin ba shi da suna. A tsakiyar shekarun 1970, a garin Ithaca na jihar New York, Carmita Wood ta bar aikinta a Jami'ar Cornell saboda tsangwamar da ta ce wani babban malami yana yi mata. Da ta nemi kuɗin tallafin da ake ba waɗanda suka rasa aiki, sai aka hana ta, domin a fom ɗin ta rubuta cewa dalilin ƙashin kai ne ya sa ta bari. Ba ta da wata kalmar da za ta rubuta. A 1975 Lin Farley da wasu abokan aikinta mata suka rungumi lamarin, suka raɗa wa abin suna a Turance mai ma'anar tsangwama ta lalata, suka kuma tara mata a watan Mayun shekarar don kowace ta faɗi abin da ya same ta a bainar jama'a. Kafin shekarar ta ƙare, sunan ya shiga manyan jaridu.

Daga nan kotuna suka fara sauya baki. A 1976 Alƙali Charles Richey ya yanke hukunci a ƙarar Diane Williams, wadda aka kora daga Ma'aikatar Shari'a ta tarayya bayan ta ƙi shugabanta, cewa irin wannan ramuwa nuna bambanci ce ta jinsi. A 1977 kotun ɗaukaka ƙara ta Washington ta juya hukuncin da aka yi wa Barnes, inda Alƙali Spottswood Robinson ya kawo hujja mai sauƙin ganewa: da ba mace ba ce, da ba a nemi abin da aka nema daga gare ta ba. A 1979 masaniyar shari'a Catharine MacKinnon ta fitar da littafinta kan cin zarafin mata ma'aikata, inda ta kasa laifin gida biyu. Na farko shi ne na ba ni gishiri in ba ka manda, wato a ɗaure samun aiki ko ƙarin girma da biyan buƙatar shugaba. Na biyu shi ne gurɓata yanayin wurin aiki da batsa da wulaƙanci har zaman ya gagari mutum, ko da ba a taɓa albashinsa ba.

Kashi na biyun ya sami gindin zama a 1981, a ƙarar Sandra Bundy, ma'aikaciyar hukumar gidajen yari ta gundumar Washington. Shugabanninta da dama sun neme ta, da ta kai kuka wurin na sama da su kuwa, shi ma ya yi watsi da kukan ya gabatar da tasa buƙatar. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce ba sai an kori mace za a ce an cuce ta ba. Ta kuma umarci a tilasta wa hukumar ta sanar da ma'aikatanta cewa wannan ɗabi'a ta saɓa wa doka, ta kuma kafa hanyar karɓar koke. A nan ne shari'a ta fara ɗaga kai daga duban abin da ya riga ya faru zuwa tunanin yadda za a hana shi sake faruwa.

Gwamnati Ta Auna Kanta

A 1979 wani ƙaramin kwamitin Majalisar Wakilai, ƙarƙashin James Hanley, ya zauna sauraron bayanai kan cin zarafi a ma'aikatun tarayya. A watan Disambar shekarar, Ofishin Kula da Ma'aikatan Tarayya ya fitar da sanarwar da ta haramta shi a fili, aka kuma ɗora wa hukumar da ke kare cancanta a aikin gwamnati, wadda ake kira MSPB a taƙaice, nauyin gano girman matsalar. Hukumar ta tambayi ma'aikata sama da 20,000, kuma rahoton da ta fitar a 1981 ya girgiza masu cewa abin bai taka kara ya karya ba. Kashi 42 cikin 100 na mata da kashi 15 cikin 100 na maza sun ce sun gamu da wani nau'i na cin zarafi a cikin shekara biyu da suka gabata. Hukumar ta ƙiyasta cewa hakan ya jawo wa gwamnati asarar dala miliyan 189 a wannan ɗan tsakani, ta hanyar barin aiki da hutun rashin lafiya da raguwar ƙwazo.

A daidai wannan lokaci, Hukumar Tabbatar da Daidaito a Harkar Aiki, wato EEOC, ƙarƙashin Eleanor Holmes Norton, ta fitar da ƙa'idojinta na 1980. A ƙarshensu akwai wata gajeriyar gaɓa wadda ita ce mahaifiyar duk horon da ya biyo baya. Ruhinta bai wuce abin da Bahaushe ya daɗe da sani ba, cewa rigakafi ya fi magani. Ta nemi kowace ma'aikata ta tayar da zancen da kanta ba tare da jiran a kawo ƙara ba, ta nuna ƙyamarsa ƙarara, ta tanadi hukunci, ta sanar da ma'aikata haƙƙinsu da hanyar nemansa, ta kuma samo dabarun wayar da kan kowa.

A watan Yunin 1986 maganar ta isa Kotun Ƙoli a karon farko, ta hanyar ƙarar Mechelle Vinson, ma'aikaciyar wani banki a Washington. Alƙalan tara suka haɗu a kan cewa gurɓata yanayin aiki laifi ne a ƙarƙashin dokar 1964, kuma abin tambaya shi ne ko mace ta yi maraba da neman da aka yi mata, domin miƙa wuya don tsoron rasa abinci ba yarda ba ce. Bankin ya kare kansa da cewa yana da tsarin kai koke, kuma Vinson ba ta bi shi ba. Kotu ta lura cewa tsarin ya tanadi ma'aikaci ya fara kai kukansa wurin shugabansa na kusa, wanda a nan shi ne ake zargi. An ba kura ajiyar nama. Sai dai kotun ba ta fayyace ainihin lokacin da laifin shugaba zai hau kan ma'aikata ba. Wannan giɓi ne jami'an kula da ma'aikata suka cike da nasu hasashen. Kamar yadda masana halayyar al'umma Frank Dobbin da Erin Kelly suka nuna daga baya, waɗannan jami'ai ne suka yi ta tallata tsarin koke da tarukan bita a matsayin garkuwa daga shari'a, shekaru da dama kafin kotuna su tabbatar da cewa garkuwar tana tare wani abu.

Shekarar 1991

Abubuwa uku suka haɗu a ƙarshen 1991 suka fitar da zancen daga kotu zuwa kowane gida. A watan Oktoba, Farfesa Anita Hill ta zauna gaban kwamitin shari'a na Majalisar Dattawa, wanda duka mambobinsa maza ne, ta ba da shaidar cewa Clarence Thomas, wanda ake tantancewa don zama alƙalin Kotun Ƙoli, ya tsangwame ta lokacin da take aiki a ƙarƙashinsa a Ma'aikatar Ilimi da kuma hukumar EEOC, hukumar da shi kansa ya shugabanta daga 1982 zuwa 1990. Thomas ya musanta zargin da kakkausar murya, majalisar kuma ta tabbatar da shi da ƙuri'a 52 a kan 48. Amma miliyoyin mutane sun kalli zaman a talabijin, mata da yawa kuma suka gane labarinsu a bakin wata.

Wata guda kafin nan, a taron shekara-shekara na matuƙa jiragen saman rundunar sojan ruwa da aka yi a wani otal a Las Vegas, wanda aka fi sani da taron Tailhook, an ci zarafin mata 83 da maza 7 bisa ƙididdigar masu binciken gwamnati. Laftanar Paula Coughlin ce ta fito fili ta yi magana bayan ta ga ana neman binne lamarin. Sakataren rundunar ya yi murabus a 1992, aka kuma umarci rundunar baki ɗaya ta keɓe yini guda don horo. Abu na uku shi ne dokar da Shugaba George Bush na farko ya sa wa hannu a watan Nuwamba, wadda ta ba wanda aka zalunta damar neman diyyar cutarwa, har zuwa dala 300,000 a kan manyan ma'aikatu. Ƙorafe-ƙorafen cin zarafi da aka shigar sun tashi daga ƙasa da 7,000 a 1991 zuwa sama da 10,000 a 1992. Jihohin Maine da Connecticut suka zama na gaba-gaba wajen mayar da horo wajibi a dokance.

A 1994 hukumar MSPB ta sake yin awo, sakamakon kuma ya zo da abin ɗaure kai. Kimanin kashi 87 cikin 100 na shugabannin sassa da kashi 77 na sauran ma'aikata sun ce an horar da su. Duk da haka, adadin matan da suka ce an ci zarafinsu ya kai kashi 44, na maza kuma kashi 19. Ana iya karanta waɗannan alƙaluma ta fuska biyu. Mai yiwuwa horon ya buɗe idon mutane, suka fara kiran abin da a da suke haɗiyewa da sunansa. Wani nazari da masana tattalin arziki Heather Antecol da Deborah Cobb-Clark suka yi a kan wannan ƙididdiga ya nuna cewa ma'aikatan da aka horar, musamman maza, sun fi saurin ɗaukar irin waɗannan ɗabi'u a matsayin cin zarafi. Amma akwai adadi na uku da ya fi sauran nauyi: kashi 6 kacal cikin waɗanda abin ya shafa suka ɗauki matakin kai ƙara a hukumance. Mutane sun koyi sunan laifin, amma ba su amince da ƙofar da aka ce su ƙwanƙwasa ba.

Hukuncin Boca Raton

Mu koma bakin teku. A watan Afrilun 1990 wata tsohuwar ma'aikaciyar sashen ta rubuta wa daraktan ma'aikatan birnin wasiƙar koke. Aka yi bincike, aka tabbatar da cewa shugabannin biyu sun yi ba daidai ba, aka tsawata musu, aka ba su zaɓi tsakanin dakatarwa ba albashi da sadaukar da hutun shekara. Faragher ta ajiye aiki a watan Yuni, ta shigar da ƙara a 1992. Kotun farko ta ba ta gaskiya, ta yanke wa birnin diyyar dala ɗaya tak. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke wannan ɓangare, bisa hujjar cewa manyan birni ba su san abin da ke faruwa ba.

Ranar 26 ga Yunin 1998, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci da rinjayen alƙalai bakwai a kan biyu, ta bakin Alƙali David Souter, tare da wani hukunci ɗan'uwansa a ƙarar Kimberly Ellerth da ta shafi kamfani mai zaman kansa. Ƙa'idar da aka kafa ita ce, ikon da shugaba ke cutarwa da shi ikon ma'aikata ne da aka damƙa masa, don haka laifinsa yana hawa kanta. Idan cin zarafin ya kai ga kora ko rage girma, ma'aikata ba ta da mafita. Idan bai kai ga haka ba, tana iya kuɓuta in ta tabbatar da abu biyu: cewa ta yi iya ƙoƙarin da hankali zai karɓa wajen hanawa da gyarawa cikin gaggawa, da kuma cewa ma'aikacin ya ƙi amfani da hanyoyin da aka tanada ba tare da dalili ba. Boca Raton ta kasa tsallake sharaɗin farko. Ba ta isar da takardarta ba, ba ta sa ido kan shugabannin sashen ba, takardar kuma ba ta tabbatar wa ma'aikaci cewa yana iya tsallake shugaban da ke cutar da shi ba.

Mai karatu zai lura cewa kotun ba ta umarci kowa ya shirya horo ba. Amma lauyoyi sun fahimci saƙon. Idan rashin isar da takarda ne ya kayar da Boca Raton, to hanya mafi sauƙi ta nuna an isar ita ce a tara ma'aikata, a karanta musu, su sa hannu a rajista. A shekarar da ta biyo baya, wani hukuncin na Kotun Ƙoli ya ƙara da cewa kamfanin da ya nuna kyakkyawar niyya wajen bin doka zai iya kauce wa diyyar ladabtarwa. A 2002 aka kafa dokar da ta wajabta wa ma'aikatun tarayya horar da ma'aikatansu kan haƙƙoƙinsu, ta kuma sa su biya diyya daga nasu kasafin, bayan da Marsha Coleman-Adebayo ta yi nasara a ƙarar nuna bambanci da ta kai Hukumar Kare Muhalli, hukumar nan dai da Barnes ta kai ƙara kusan shekara talatin kafin nan. A 2004 jihar Kalifoniya ta wajabta wa shugabannin sassa horon sa'a biyu a kowace shekara biyu, a ma'aikatun gwamnati da kuma kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama.

Lokacin da Horo Ya Zama Laya

Daga nan horo ya zama kasuwa. Aka koma daga zaure zuwa faifan bidiyo, daga bidiyo zuwa allon kwamfuta, inda ma'aikaci zai yi ta latsawa har ya kai ƙarshe a ba shi shaidar kammalawa. Masaniyar shari'a Lauren Edelman ta yi nazari mai zurfi kan yadda kotuna suka riƙa ɗaukar samuwar tsari a rubuce a matsayin hujjar adalci, ba tare da tambayar ko tsarin yana aiki ba. A wannan yanayi horo ya zama laya da ma'aikata ke ratayawa don maganin lauya. Wani nazari da Shereen Bingham da Lisa Scherer suka wallafa a 2001, kan wani gajeren horo na rabin sa'a a wata jami'a, ya gano cewa mazan da suka halarta sun fi waɗanda ba su halarta ba ƙin kai rahoto da kuma ɗora laifi a kan wadda aka cuta. Horon da ya shigo wa mutum a matsayin zargi yakan sa shi ya ja daga.

Cewa darasin Boca Raton bai gama shiga ba ya bayyana a watan Janairun 2016. Babban mai bincike na Ma'aikatar Filaye da Albarkatun Ƙasa ya fitar da rahoto kan sashen kogi na gandun Grand Canyon, bayan koken da ma'aikata 13, na da da na lokacin, suka rubuta a 2014. Rahoton ya tabbatar da daɗaɗɗen cin zarafi a tafiye-tafiyen jirgin ruwa masu ɗaukar kwanaki a cikin kwazazzabo, inda ma'aikaciya ke dogaro da matuƙin jirgi don abincinta da lafiyarta. Ya kuma nuna cewa wasu shugabanni sun sami labari amma ba su yi abin da ya kamata ba. A wannan karon ba za a ce takarda ba ta fito ba, domin an yi shekaru ana horo a ma'aikatun tarayya. Abin da ya maimaita kansa shi ne wurin aiki mai nisa da idon hukuma, da shugaban da ya ji ya yi shiru. An rushe sashen a wannan shekara.

A watan Yunin 2016 kwamishinonin EEOC biyu, Chai Feldblum da Victoria Lipnic, ɗaya daga kowace babbar jam'iyya, suka fitar da rahoton da ya faɗi gaskiya komai ɗacinta. Sun ce da yawa daga cikin horon da aka yi cikin shekara talatin bai yi aikin rigakafi ba, domin ya fi mayar da hankali kan kauce wa shari'a. Sun kuma kawo cewa kimanin mutum uku cikin huɗu da aka ci zarafinsu ba su taɓa gaya wa wani shugaba ko wakilin ƙungiyar ƙwadago ba. Ba su ce a daina horo ba. Sun ce a yi shi ido da ido inda zai yiwu, da misalan da suka dace da irin aikin wurin, a koya wa masu kallo yadda za su sa baki, a kuma ba shugabannin sassa kulawa ta musamman, domin su ne ke ganin hayaƙi kafin wuta ta tashi.

Majalisar dokokin ƙasar ita ce ta zo a ƙarshen layi. Sai a watan Nuwamban 2017, da guguwar #MeToo ta taso, Majalisar Dattawa da ta Wakilai suka wajabta wa mambobinsu da ma'aikatansu horo. A lokacin ne jama'a suka ji cewa an biya sama da dala miliyan 17 daga baitulmali cikin shekara ashirin don sasanta ƙorafe-ƙorafen ma'aikata iri-iri a ofisoshin da ke ƙarƙashin majalisar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A watan Disambar 2018 aka gyara dokar, ta yadda ɗan majalisar da aka biya diyyar cin zarafi saboda shi zai mayar da kuɗin daga aljihunsa. A wannan shekara kuma New York ta wajabta horo duk shekara, Kalifoniya ta faɗaɗa tata dokar zuwa ƙananan ma'aikata.

Zai zama rashin adalci a ce duk wannan wahala ta tafi a banza. Da MSPB ta sake awo a 2016, ta yi amfani da irin tambayoyin 1994, adadin mata ya sauko zuwa kashi 18, na maza zuwa kashi 6. Ba za a iya jingina saukowar ga horo kaɗai ba, domin zamani ya sauya kuma mata sun ƙaru a manyan muƙamai. Wani nazari da Dobbin da Alexandra Kalev suka wallafa a 2019, kan kamfanoni 805 cikin shekaru 32, ya ƙara haske a kan inda amfanin yake. Horon da aka yi wa manajoji, wanda ya ɗauke su a matsayin masu gyara, ya kasance yana biyowa da ƙaruwar mata a shugabanci. Wanda aka yi wa kowa da kowa, mai jera haramce-haramce, bai haifar da irin wannan ba.

Kammalawa

Ranar 21 ga Yunin 2019, a birnin Geneva, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da yarjejeniya mai lamba 190 kan kawar da tashin hankali da cin zarafi a duniyar aiki. Ta shafi ma'aikatun gwamnati da masu zaman kansu, ta kuma ambaci horo cikin abubuwan da suka wajaba. Nijeriya ta rattaba amincewarta a watan Nuwamban 2022, don haka tambayar da Boca Raton ta kasa amsawa ta zama tamu: ko takardar da aka rubuta a babbar sakatariya za ta isa ƙaramin asibiti ko makarantar firamare da ke can ƙauye, kuma idan ta isa, wa za ta tarar?

Tarihin da muka bi ya fara da mata uku ma'aikatan gwamnati da aka ce kukansu sha'anin ƙashin kai ne, ya bi ta rahotanni da dokoki har ya kai ga allon kwamfuta. A kowane zango mutum guda ne ke sake ɓullowa da fuska daban: wanda aka kai wa kuka. A ofishin Bundy ya zama mai laifi shi ma, a kwazazzabon Grand Canyon ya kawar da kai, a bakin tekun Boca Raton ya tausaya amma ya ga ba huruminsa ba ne. Shi ne ɗalibin da horon ya fi buƙata. Da wani ya zaunar da shugaba na uku ya gaya masa cewa jin kuka amana ce, ya nuna masa ofishin da zai kai ta, ya kuma tabbatar masa cewa za a tambaye shi in ya yi shiru, da wataƙila shekara biyar ɗin nan sun taƙaita zuwa mako guda. Beth Ann Faragher ta zama lauya, daga bisani kuma alƙaliya a birnin Denver. Dala ɗayan da aka yanke mata Kotun Ƙoli ta mayar mata da ita, shekara takwas bayan ta bar bakin teku.